Madubin da Za a Kai Bayan Hadari

A gidanmu na Alkalawa, in hadari ya haɗo daga gabas, ba shanya ake fara kwashewa ba, madubi ake fara rufewa. Shanya ta jiƙe, garin da aka baza a tabarma ya zama kunu, duk Dada, mahaifiyata, ba ta damu ba, muddin babu madubin da ya rage a buɗe. Kowanne yana da mayafinsa a ninke kusa da shi tun ƙarshen bazara. Na jikin wadurob yana da tsohon zanen gado, ƙaramin na banɗaki yana da ɗankwali. Talabijin, tunda tana nuna fuskar mutum in an kashe ta, ita ma ta shiga sahu, haka duk farantin silbar da aka goge ya yi ƙyalli. Ni aikina shi ne babur ɗin duk baƙon da tsautsayi ya kawo gidan a irin wannan lokaci: in fita da safa biyu in zura wa madubansa. Na girma, na yi aure, na haihu, aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa kudu na dawo gida da yarana, kuma har lokacin ni ce mai safa.

Abin yana da tushe, ba zan ɓoye ba. Dada tana yarinya a ƙauyensu can gaba da Girei, aradu ta faɗa wa ɗakin yayarta, kuma manya suka ce madubinta ne aka bari a buɗe. Daga nan mahaifiyata ta gina iliminta. A iliminta, aradu ba ta gani sosai, madubi ne ɗan jagoranta. Shi ne yake riƙe fuskar mai shi, in walƙiya ta haska ya nuna mata, ita kuma ta sauko nema. Malamai sun yi mata nasiha a kan wannan ba sau ɗaya ba. Takan saurara da ladabi, ta ce Allah ya saka da alheri, in hadari ya taso ta rufe madubi.

To wannan matar ce Allah ya ba ɗa mai tsara madubai.

Hamma, babban yayana, malamin kimiyya ne a jami'ar da ke kusa da Sangere. Tun da ya gama karatunsa a waje yake aiki da wasu abokansa na can a kan madubin hangen nesa da za a harba sararin sama. Ba irin hasken da ido ke gani zai kama ba. Eksire zai kama, irin na hoton ƙirji a asibiti, amma mai ƙarfin gaske, wanda ke fitowa daga taurarin da suka fashe. Iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye shi kafin ya iso ƙasa, shi ya sa dole a haura sama da ita. Aikin Hamma shi ne lissafi: yadda za a karkata kowane gilashi, da kaurin shafen ƙarfen da za a yi masa hawa-hawa. Shekaru ya yi yana wannan a kwamfuta, a ɗan ofishinsa mai fanka ɗaya. Dada ta san dai yana koyar da yara, kuma hakan ya ishe ta.

Sai aka kira shi ya je can inda za a harhaɗa madubin a gwada shi. Wannan shi ne abin da ya yi ta jira tun ƙuruciya. An sa ranar tafiya, an ba shi izinin shiga ƙasar, komai ya kammala sai izinin Dada. Hamma kuwa ko Numan ba ya zuwa ba tare da ta ce Allah ya kiyaye hanya ba. Kowa a gidan ya san in ta ce a'a zai zauna, ya ci gaba da koyarwa a ƙarƙashin fankar nan har ya yi ritaya.

Na tare shi a zaure ranar da ya zo. Na ce, “Hamma, don Allah ka ce mata tauraron ɗan'adam ne. Ka ce kyamara. Ka ce injin ban-ruwa in ka ga dama. Kalma ɗaya ce kawai ba na so ta fito daga bakinka.”

Ya ce ya ji. Ya shiga, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, “Dada, an kira ni in je mu haɗa wani madubi da na yi shekaru ina aiki a kansa.”

Da ina da abin jifa a hannu da na jefe shi.

Akwai wata matsalar kuma. Hamma ɗan fari ne, kuma Dada Bafulatana ce ta gidi. Ba ta faɗar sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko yana zaune a gabanta, ni take kallo ta ce, “Ki gaya masa.” Shi kuma ya ba ni amsa in juya in maimaita mata, alhali kunnenta garau yake. Haka aka yi duk rigimar nan, ni a tsakiya.

Ta ce, “Ki tambaye shi, ina za a rataye wannan madubi?”

Ya ce, “A sama.”

Na ce, “Wai a saman bene.”

Ya ce, “A'a, a sararin samaniya.”

Dada ta ajiye carbinta. “Yana kallon ina?”

“Sama, Dada. Eksire zai kama, irin na asibiti.”

“Wa ya karye a can da za a ɗauke shi hoto?”

Ya yi mata bayanin taurari. Ba su ne damuwarta ba. Ta tambayi wanda zai riƙa rufe shi in hadari ya taso. Hamma ya yi murmushi irin na malami da aka yi wa tambaya mai sauƙi, ya ce ai can babu hadari, madubin zai wuce gajimare nesa, hadari duk a ƙarƙashinsa zai kasance.

Dada ta dafe ƙirji. “Wato bayan hadari za a kai shi. Mu nan muna rufe namu don kada aradu ta hango daga nesa, shi zai ɗauki nasa ya kai mata har gida. Madubin da ya yi shekaru yana aiki a kansa, wanda ya san fuskarsa fiye da matarsa.” Ta kalle ni. “Ki gaya masa in babu murfi, babu tafiya.”

Hamma ya ɗauka rashin fahimta ne, kuma duk rashin fahimta a wurinsa maganinta darasi ne. Washegari ya dawo da albasa. Ya yanka ta a tsakiya ya nuna mata zobe cikin zobe, ya ce haka madubin yake, ba faffaɗa ba ne kamar na ɗaki, gilasai ne siraran gaske, lanƙwasassu, wani cikin wani. Wannan irin hasken in ya daki madubi gaba da gaba huda shi yake yi ya wuce, don haka sai a tare shi a karkace, ya goge jikin gilashin kawai ya karkata zuwa inda ake so. Dada ta karɓi albasar, ta jujjuya ta, ta ce in tambaye shi gilasan nan za su kai nawa. Na yi masa alama da ido har idona ya yi zafi. Ya ce in aka haɗa duka za su yi ɗaruruwa.

Ta ce, “Jiya ɗaya ne. Yau ɗaruruwa.” Ta miƙa min albasar ta ce in sa a miya.

Bai daddara ba. Ranar Asabar ya sa mu a mota ya kai mu bakin Binuwai, ƙarƙashin gadar Jimeta, inda ruwa ya ja baya ya bar yashi. Ya ce zai nuna mata da dutse yadda hasken yake yi: in ka jefa dutse tsaye ya nutse, in ka wurga shi a kwance ya riƙa tsalle a kan ruwa. Dokta guda, da babbar riga, ya naɗe hannu ya shiga wurgi. Dutse na farko ya nutse. Na biyu ya nutse. Masu wanki suka daina buga kaya suka tsaya kallo, wani direban tifa mai ɗibar yashi ya kashe mota don ya ji daɗin gani. Ni na ja mayafi na rufe rabin fuskata, don ni ma koyarwa nake yi, kuma akwai iyayen ɗalibaina a cikin masu wankin. Can dai wani dutse ya tausaya masa ya yi tsalle biyu. Hamma ya juyo yana haki, fuskarsa fal murna.

Dada ta ce, “Ki tambaye shi, bayan ya yi tsallen ina ya tafi?”

Ya ce, “Ya nutse.”

Ta ce a mayar da ita gida, la'asar ta yi.

Kada a ɗauka Dada tana so ta hana shi ne. Ta fi kowa son ya tafi, na sani, don na kama ta tana haɗa masa guzurin yaji da dakkere a ɓoye. Murfi kawai take nema, kuma da ta ga masana sun kasa tunaninsa, sai ta ɗauki aikin da kanta. Ta aika aka kira Madam, maƙwabciyarmu mai shagon ɗinki a kasuwar Jimeta, wadda ta zo daga kudu maso gabas tun kafin a haife ni, ta kuma ɗinka wa rabin matan unguwar kayan suna. Madam ta zo da awo rataye a wuya, ta zauna, ta saurari batun ba tare da ta ɗaga gira ba. Ta taɓa ɗinka wa janareta riga, ta ɗinka wa akwatin gawa, madubin sama bai ba ta tsoro ba.

“Oga Dokta, abeg, wannan abu naka, shi girma kamar mene?”

Hamma ya kalle ni, na kau da kai. Ya ce kamar durom ɗin ruwa, kusan haka.

“Zip ko roba?”

“Madam, ai ba zai yiwu...”

“Roba ya fi. Zip yana tsatsa.”

Ya ce can babu ruwa balle tsatsa. Madam ta ce to zip kenan. Dada ta ce a sa duka biyu.

Suka shafe yini a kan yadi. Dada ta kawo atamfofinta masu nauyi da take ajiyewa a ƙasan akwati, Madam ta ce a yi masa shafi da leda a ciki saboda feshi, kuma ba za ta bar aikinta ya tafi ƙasar waje ba tare da ɗan ado a baki ba, kada a ce telolin Jimeta ba su iya gamawa ba. Sai aka zo kan wanda zai riƙa rufewa da buɗewa. Dada ta ce a sa igiya. Hamma ya faɗi nisan wurin, wanda ya fi daga nan zuwa Jalingo nesa ba kusa ba. Madam ta ce igiya ba matsala ba ce, ɗan'uwanta yana sayar da ita a dila.

Murfin ya fito da kyau, wannan ba zan musa ba. Muka gwada shi a kan durom ɗin tsakar gida ya zauna ɗas, har maƙwabta suka riƙa shigowa gani. Na ja Hamma gefe na ce, “Ga mafita Allah ya kawo. Ka karɓa, ka ce mata za a sa, ka tafi. In ka isa can ka rufe firij da shi.”

Ya ce, “In ta tambaye ni an sa fa?”

“Ka ce an sa.”

“Ba a sa ba.”

Haka yake tun muna yara. Mutum ne da in ka tambaye shi ya kwana lafiya sai ya yi tunani kafin ya amsa. Abin da ya yi maimakon haka shi ne, a taronsu na mako ta kwamfuta, ya ɗaga murfin Madam gaban manyan masana na ƙasashe daban-daban, da adon bakinsa da komai, ya tambaya ko akwai hanyar da za a sa shi. Ina bayan ƙofa ina ji. Sannan wata dattijuwa a cikinsu ta yaba launin, ta ce amma ya san ɗakin da ake haɗa gilasan ko zare ɗaya ba ya shiga, su kansu sai sun rufe jiki ruf da fararen kaya har gashin kai. Wani kuma ya tuna masa cewa ai akwai wata 'yar siririyar leda mai ƙyalli da za a shimfiɗa a bakin madubin saboda zafin rana da sanyi.

Na faɗa ɗakin kafin ya kashe kwamfutar. Na ce, “Ka ji! Murfi ne! Su da kansu suka faɗa!” Na ja shi har gaban Dada, na ce an samu, Turawa ma ashe suna rufe nasu.

Dada ta yi hamdala. Sannan ta ce, “Ki tambaye shi, in an sa wannan leda, madubin yana ganin sama?”

Na taka masa ƙafa da dukkan nauyina.

Ya ce, “Yana gani, Dada. Don ya gani aka yi ta siririya.”

Ranar na yi wa kowa faɗa. Na ce wa Hamma gaskiyarsa ta zama ciwo, ya je asibiti. Na ce wa Dada tana shirin kashe wa ɗanta aikin rayuwarsa saboda abin da ko a littafin addini babu shi. Ban taɓa ɗaga mata murya haka ba. Ba ta rama ba. Ta ce, “Ke ba ki ga ɗakin yayata ba,” ta tashi ta shiga ciki. Na zauna a tsakar gida kusa da durom mai riga, ina jin haushinta, ina jin haushin kaina.

Saura kwana kaɗan a tafi, Hamma ya daina zancen. Matarsa ta kira ni daga Sangere ta ce ya fara mayar da kayan sanyin da ya saya cikin leda, kuma ya ce wa shugaban sashensu mai yiwuwa a bar masa darussansa na zango mai zuwa. Bai yi fushi ba, bai yi ƙorafi ba. Wannan ne ya fi ƙona min rai.

Ranar Laraba ya biyo ta gida daga makaranta, da la'asar, da wani ɗan akwati a hannu. A ciki akwai gilashi ɗaya daga cikin irin waɗanda za a harhaɗa, wanda ya sami ɗan tabo aka cire shi, abokan aikinsa suka aiko masa yana nuna wa ɗalibai. Ya shigo gaisuwa ne kawai. Yana durƙushe iska ta kaɗa, gabas ta yi baƙi. Yarana suka ruga da mayafai, aka rufe wadurob, aka rufe talabijin, na fita na ga babu babur na dawo. Dada tana zaune a tabarma idonta a kan akwatin.

“Ki tambaye shi mene ne a ciki.”

Ya faɗa mata.

“Ki ce ya buɗe.”

Na ce, “Dada, hadari fa.” Ni da bakina na faɗi haka.

“Ki ce ya buɗe.”

Ya buɗe. Abu ne kamar ɓallin kwano, siriri kamar ɓawon ƙwai, yana ƙyallin ƙarfe. Ya ce ba a taɓa fuskarsa da hannu, sai ta riƙe shi ta gefe da yatsu biyu-biyu, a hankali, yadda ya nuna.

“Wannan zai hau sama?”

“A'a, Dada. 'Yan'uwansa ne za su hau.”

“Wuri ɗaya aka yi su?”

“A kan mazubi ɗaya aka lanƙwasa su.”

“To uwarsu ɗaya. Abin da ɗaya ya sani duk sun sani.”

Ta ɗaga shi saitin fuskarta. Saboda lanƙwasar, hoton da ya fito ba na mutum ba ne: goshi ya baje, hanci ya zama faifai, kunnuwa sun tafi gabas da yamma. Ƙaramar 'yata ta leƙa ta fashe da dariya, ni ma dariyar ta zo min har wuya. Dada ba ta yi ba. Ta zame ɗankwalinta baya don furfurarta ta fito. Ta juya masa kuncin dama, ta juya masa na hagu, ta nuna masa tsagar da ke gefen idonta. Ta faɗi sunanta da na mahaifinta da sunan unguwarmu, da Fulatanci, a fili, kamar mai magana da kurma. Walƙiya ta haska tsakar gida, amma ba ta sauke shi ba. Matar da ta yi shekara da shekaru ba ta yarda a bar cokali mai ƙyalli a waje in ana ruwa, ta zauna tana kallon madubi cikin hadari har sai da ta gamsu.

Sannan ta sa shi a akwatin da kanta, ta rufe.

“Ki gaya masa kada ya sake duba shi. Ya kai shi haka, ya ajiye kusa da sauran. Yanzu ni suka sani.” Ta gyara ɗankwali. “Ki ce Allah ya kiyaye hanya.”

Ban iya maimaitawa ba. Hamma ya buɗe baki, na san bayani zai yi, cewa gilashi ba ya riƙe fuska, cewa aradu ba ta neman kowa. Sai ya rufe bakin, ya karɓi akwatin.

Ruwa ya sauko da ƙarfi. Dada ta tashi ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki carbi da buta, ta ratsa tsakar gida cikin ruwan zuwa tsohon ɗakin ajiya da ke can ƙarshen gida, wanda babu komai a ciki sai buhunan gawayi. Ƙaramar 'yata ta bi ta, Dada ta daka mata tsawar da ba ta taɓa yi wa jika ba. Na bi ta ni ma, na same ta ta shimfiɗa tabarma tsakanin buhuna ta zauna. Na ce me ke nan kuma? Ta ce in koma wurin yarana, daga yau ba a zama kusa da ita in ana ruwa.

Ina juyowa na ga Hamma ya taho, ba takalmi, rigarsa ta manne masa a jiki. Ya kusa ƙofar ɗakin, Dada ta hango shi.

“Ki gaya masa in ya tako nan na janye izinina.”

Na gaya masa. Sai da na ɗaga murya saboda ƙarar ruwa a kan kwano. Ya tsaya cak a tsakiyar gidan, ruwa yana dukansa, yana kallon mahaifiyarsa zaune ita kaɗai cikin gawayi tana jan carbi. Aka yi wata tsawa da ta girgiza tagogi, muka ga ta runtse ido ta sunkuyar da kai tana jira. Ya daɗe a tsaye a wurin. Sannan ya juya ya dawo inda yaran suke, ya zauna a ƙasa ya rungume akwatin.